Mu 'Ya'ya Ne a Gidan Nan, Ba 'Yan Ƙwadago Ba



Yawancinmu a zumuntar nan cikin ikkilisiya muka buɗe ido. Tun kafin mu iya rubuta sunanmu mun haddace Dokoki Goma a makarantar Lahadi. Mun san abin da mai bi ba ya yi: ba ya shan giya, ba ya zuwa gidan rawa, ba ya cin zakkarsa, ba ya fashin sujada. Mun shiga ajin baftisma, mun amsa tambayoyin dattawa. Mun kuma ga ranar da aka karanta sunan wani a gaban jama'a aka sa shi a horo, ya tashi daga cikin mawaƙa ya koma bencin baya. Ba ma raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da su iyayenmu da fastocinmu suka tsare mu daga ramuka masu yawa.

Sai dai akwai wani hoto da yakan zauna a zuciyar yaron da ya taso haka, ko da ba wanda ya zana masa shi. A hoton nan Allah yana kama da hedimasta mai rajista a hannun hagu da bulala a hannun dama. Yana lura da wanda ya makara, yana rubuta wanda ya yi surutu, murmushinsa kuwa sai ranar rabon kyauta. Baki yana cewa Uba a cikin addu'a, zuciya kuwa tana tsaye a ƙofar ofis tana jiran a kira ta.

Ana gane hoton nan yana aiki ta ƙananan abubuwa. Mutum ya faɗi cikin zunubi daren Juma'a, sai ya kasa yin addu'a ranar Asabar. Yana so ya tara kwana uku ko huɗu na halin kirki tukuna, don ya sami abin riƙewa a hannu idan zai koma. Sakamakon JAMB ya fito ba yadda ake so ba, ko an gama bautar ƙasa shekara biyu babu aiki, tambayar farko ita ce, “Me na yi wa Allah?” Wani kuma ya yi azumin kwana bakwai, ya gama, yana duban hanya kamar wanda ya yi noman wani yana jiran a sallame shi. Duk wannan lissafin ɗan ƙwadago ne: na yi, a biya ni, na ɓata, a yanke mini. Yesu ya ba da labari guda domin masu irin wannan lissafi, shi ne wanda ke cikin Luka sura 15.

Mun saba kiransa labarin ɗa ɓatacce, amma Yesu ya fara shi da cewa mutumin yana da 'ya'ya biyu. Ya kuma ba da shi ne domin Farisiyawa da malaman Attaura suna gunaguni cewa yana cin abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi. Masu sauraronsa masana Shari'a ne. Sun san Maimaitawar Shari'a sura 21, inda aka ba ɗan fari kashi biyu na gādo, wato a gida mai 'ya'ya maza biyu ƙaramin zai tashi da kashi ɗaya cikin uku. Sun kuma san abin da ke biye a wannan surar: ɗa mai taurin kai, mashayi, wanda ya ƙi jin iyayensa, a kai shi gaban dattawa a ƙofar gari a jajjefe shi. Saboda haka da suka ji yaro ya nemi gādonsa tun ubansa yana da rai, ya tattara ya tafi ƙasa mai nisa, ya ƙarar da kome, har ya koma kiwon aladu, sun riga sun san hukuncin da ya dace da shi. Shari'a tana da amsa a shirye.

Shi ma yaron yana da tasa amsar. Da yunwa ta dawo masa da hankali, sai ya shirya jawabi mai kashi uku: zai amsa laifinsa, zai ce bai cancanci sunan ɗa ba, sannan zai roƙa a ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin ma'aikatan ubansa. Mu tsaya a kan kashi na ukun. Dukanmu mun san ɗan ƙwadago a damina. Yana zuwa da safe da fartanyarsa, a nuna masa iyakar aikin, da yamma a biya shi, ya tafi ya kwana a wani wuri. Ba ya bin maigida bashin ƙauna, maigida ma ba ya binsa. Abin da yaron yake so ke nan. Zai ci abinci, watakila ya riƙa rage bashinsa kaɗan kaɗan, ba kuma sai ya ɗaga kai ya dubi idon tsohon da ya wulakanta ba. Tsari ne mai ma'ana, kuma shi ne tsarin da yawancin masu tuba suke kawo wa Allah.

Uban bai bar shi ya kai ga kashi na ukun ba. Ku gwada aya 18 da 19 da aya 21, za ku ga roƙon aikin ƙwadago ya ɓace. Tun yaron yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje. A wurinmu ba sai an yi mana bayanin nauyin wannan ba. Dattijo mai gida da barori ba ya gudu. Yana zaune a zaure ne, wanda ya yi laifi ya nemi kawu ko aminin uba ya shige masa gaba, a zo a durƙusa, a yi ta ban haƙuri. Wannan tsohon kuwa ya tattare rigarsa a gaban mutanen gari, ya ɗauki kunyar ya ɗora wa kansa, ya isa wurin ɗansa kafin wani ya riga shi. Riga mafi kyau, zobe, takalmi, ɗan maraƙin da ake kiwo: babu ko ɗaya a ciki da ake ba ma'aikaci. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uban nan ya wuce haka, domin shi ya sumbaci hannun tun bai warke ba.

Idan mun faɗi gaskiya, da yawa a cikinmu ba mu taɓa zuwa ƙasa mai nisa ba. Mu ne masu share majami'a ranar Asabar, masu ɗaukar ganguna da lasifika, masu zuwa wa'azin ƙauye. Saboda haka wanda ya fi kusa da mu shi ne wan. Ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Ku lura da yadda ya kwatanta zamansa a gidan: shekaru yana bauta, bai taɓa ƙetare umarni ba, ba a taɓa ba shi ko ɗan akuya ya ci da abokansa ba. Wannan maganar ma'aikaci ce wanda aka riƙe wa albashi. Ƙanen ya so ya zama ɗan ƙwadago aka hana shi, wan kuwa ya daɗe da zama ɗaya ba wanda ya sa shi. Yana kwana a gidan, yana ci a gidan, amma bai san gidan nasa ba ne. Ko ƙanen nasa ma ya kasa kira ɗan'uwa, sai ya jingina shi ga tsohon.

Uban ya sake fita, karo na biyu a yini ɗaya. Ya bar baƙinsa ya je waje yana lallashi. Ya kira shi ɗa, ya tuna masa cewa kullum suna tare, kuma duk abin da yake da shi nasa ne. Ɗan akuyan da yake kuka a kai, da ya roƙa da an ba shi, domin garken duka nasa ne. Yesu ya tsayar da labarin a nan, bai faɗa mana ko wan ya shiga ba. Ya bar wa Farisiyawa su ƙarasa, ya bar mana mu ma.

Wani zai ce, to ai Allah ne da kansa ya ba da Shari'a. Gaskiya ne, Shari'a kuwa mai tsarki ce, mai kyau. Amma mu duba lokacin da ta zo. A Fitowa sura 4, tun Isra'ila suna yin tubali a Masar, Allah ya aiki Musa ya gaya wa Fir'auna cewa Isra'ila ɗan farinsa ne. A sura 12 ya fisshe su. A sura 14 ya raba musu teku. A sura 16 ya ba su manna, a sura 17 ya ba su ruwa daga dutse. Sai a sura 20 Dokoki Goma suka zo, su ma sun fara ne da tuna musu wanda ya fito da su daga gidan bauta. Bai ce su kiyaye doka shekara ɗaya ya gani ko sun isa a cece su ba. Manzo Bulus ya ƙara ja da baya a Galatiyawa sura 3, ya ce alkawarin da aka yi wa Ibrahim ya riga Shari'a da shekara 430, wadda ta zo daga baya kuwa ba ta iya soke na fari.

A wannan surar Bulus ya kwatanta Shari'a da wani mutum da masu karatunsa suka sani sarai. A gidajen masu hali na Helenawa da Romawa akan sa wani bawa ya riƙa lura da yaro, ya raka shi makaranta, ya tsawata masa, ya hana shi bin abokan banza. Aikinsa yana da amfani, amma yana da iyaka, kuma shi ba uban yaron ba ne. Idan yaro ya girma ya ci gaba da ɗaukar fuskar mai rakiyar nan a matsayin fuskar ubansa, an yi hasara. Kowane gida na kirki yana da doka: kada a kai dare a waje, a gai da manya, a wanke kwano. Amma ba dokar ce ta sa ka zama ɗan gidan ba. Don kai ɗan gidan ne aka ba ka ita.

Akwai kalma ɗaya da ta fi kome nuna wannan, mu Hausawa kuma mun yi sa'a domin ba baƙuwa ba ce a kunnenmu: Abba. Kalmar Aramiya ce, harshen da Yesu ya yi magana da shi a gida, da ita yara da manya suke kiran mahaifinsu. Sau uku ta fito a Sabon Alkawari. Na farko a Markus 14, a bakin Yesu a Getsamani, daren da aka bashe shi. Sauran biyun, a Romawa 8 da Galatiyawa 4, a bakinmu take, Ruhu Mai Tsarki ne yake sa ta. Abin lura shi ne inda Yesu ya furta ta. Ba a ranar da ya ciyar da dubu biyar ba ne aka rubuta mana ita, sai a daren da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala ba a ɗauke ba. Ashe rufaffiyar ƙofa ba shaida ba ce cewa Uba ya juya baya. Wannan magana ce ga duk wanda yake riƙe da takardun makaranta babu aiki, yana binciken wane zunubi ne ake cire masa.

Ta yaya kalmar ta zo bakinmu? Bulus ya ce an ɗauke mu 'ya'ya. A dokar Romawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ɗauka yakan fita daga ikon tsohon gidansa, ya ɗauki sunan sabon uba, ya zama magaji kamar ɗan da aka haifa. Augustas, Kaisar da yake mulki sa'ad da aka haifi Yesu, ta haka ya gāji sunan Yuliyas Kaisar. Mu ma ba a kyauta aka yi namu ba. A labarin Luka, an riga an raba dukiya, saboda haka rigar da zoben da ɗan maraƙin daga abin da zai zama na wan suka fito, shi ya sa abin ya yi masa zafi. Mu kuwa muna da Wa wanda bai tsaya a waje yana fushi ba. Shi ya bar gida ya bi mu ƙasa mai nisa, ya biya kuɗin dawowarmu a kan gicciye, Ibraniyawa sura 2 kuma ta ce ba ya jin kunyar kiranmu 'yan'uwansa. Allah bai kau da kai daga adalcinsa don ya karɓe mu ba. A jikin Ɗansa ya cika shi.

Mutum yana iya yin shekaru cikin aikin Ubangiji bai gane wannan ba. John Wesley ɗan fasto ne a Ingila. A jami'ar Oxford shi da abokansa suna azumi Laraba da Juma'a, suna ziyarar kurkuku, suna lissafin yadda suka yi amfani da kowace sa'a. An naɗa shi, ya ƙetare teku zuwa Jojiya a Amurka domin aikin bishara, ya dawo gida cike da shakka a kan ceton kansa. Sai ranar 24 ga Mayu 1738, a wani ƙaramin taro a titin Aldersgate a Landan, ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa, ya sami tabbaci cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa, nasa shi kansa. Daga baya, da yake waiwayen shekarun farko, ya ce bangaskiyar da yake da ita a lokacin irin ta bara ce, ba ta ɗa ba. Bai rage aiki bayan wannan dare ba. Ya yi shekara fiye da 50 yana yawon wa'azi a kan doki. Abin da ya canja shi ne dalilin aikin.

Mun san kuma cewa kalmar uba ba ta da daɗi a kunnen kowa. A cikinmu akwai wanda jin takun babansa a ƙofar gida yake sa kowa ya yi tsit. Akwai wadda babanta ya tafi ya bar mamarta da yara biyar. Akwai waɗanda suka rasa nasu a rikici, ko a hanya, tun ba su san fuskarsa ba. Akwai kuma masu uba nagari wanda ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin makaranta, amma bai taɓa buɗe baki ya ce yana ƙaunarsu ba, domin a al'adarmu kunya ba ta bari, musamman ga ɗan fari wanda wasu iyaye ko sunansa ba sa kira. Buƙata ma sai a bi ta wurin Mama a kai masa. Ga dukanmu, Nassi bai ce mu ɗauki baban da muka sani mu faɗaɗa shi mu kira shi Allah ba. Afisawa sura 3 ta juya abin: daga wurinsa ne kowane iyali ya sami sunansa. Shi ne ma'auni. Idan muna so mu ga irin Uban da yake, mu je Kogin Urdun. A can, a gaban taro, ya kira Yesu Ɗansa ƙaunatacce, ya ce yana jin daɗinsa, alhali Yesu bai yi wa'azi ko ɗaya ba tukuna, bai warkar da kowa ba. Zabura 68 kuma ta kira shi uban marayu.

To, idan haka ne, sai kowa ya yi abin da ya ga dama? Bulus ya ji wannan tambayar tun kafin mu, ya amsa ta a Romawa sura 6 da a'a mai ƙarfi. Ka yi tunanin yaron nan washegarin biki, ya farka da zobe a yatsa. Ubansa ya ce ya bi shanu zuwa rafi. Zai ƙi? Zai tafi da sauri fiye da kowane ma'aikaci, ba kuwa zai tambayi nawa za a biya shi ba. Tsoro yana iya hana hannu sata muddin ana kallo. Ƙauna ce kaɗai take bin mutum har cikin ɗakinsa, da wayarsa a hannu, ƙarfe ɗaya na dare. Uba kuma yana horo, Ibraniyawa sura 12 ta faɗa a fili, har ta ce rashin horo alama ce ta cewa mutum ba ɗan gida ba ne. Amma alƙali yana yanke hukunci ne ya rufe fayil ya kira na gaba. Uba idan ya hori ɗansa, da dare shi ne zai leƙa ya tambaya ko yaron ya ci abinci.

A nan ne maganar ta zo kan zumuntarmu. Horon ikkilisiya yana da tushe a Nassi, ba mu kuma da hurumin rushe abin da dattawa suka yanke. Amma manufarsa maidowa ce. A 2 Korintiyawa sura 2 Bulus ya ce wa ikkilisiya hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa, su gafarta masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Dattawa suna da nasu aikin, mu ma muna da namu. 'Yar'uwar da ta yi ciki ta daina zuwa, wa ya je gidansu? Ɗan'uwan da ƙwaya ta kama, wa ya kira shi bayan an cire sunansa daga masu kiɗa? Wanda yake zaune a bencin baya wata na huɗu, wa ya taɓa barin wurinsa ya je ya zauna kusa da shi? Mutanen nan ba za su ga fuskar Uba da ido ba. Tamu za su gani a ƙofar majami'a, daga ita kuma za su yanke ko gidan yana karɓar masu dawowa. Da ƙanen ya fara cin karo da wansa a hanya, da wuya ya ƙarasa gida.

Saboda haka a makon nan bari kowannenmu ya yi abu biyu. Ranar da ka ji ba ka isa ka yi addu'a ba, ranar za ka yi ta, ba tare da jiran ka tara abin nunawa ba, ka kuma fara ta yadda Yesu ya koya wa almajiransa, da kiran Allah Uba. Sannan ka tuna da mutum ɗaya da ya ɓace daga cikinmu, ka neme shi. Ba sai ka je da wa'azi ba. Ka je da gaisuwa, ka ce masa wurinsa yana nan.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode domin ka san sunanmu tun ba mu yi maka aikin kome ba. Ka karɓe lissafin da ke hannunmu, ka koya mana zaman 'ya'ya a gidanka. Waɗanda suke nesa, ka ba su ƙarfin halin tasowa. Waɗanda suke tsaye a ƙofa da gajiya da fushi, ka fito ka shigo da su. Waɗanda kalmar uba take yi musu ciwo, ka warkar da su da kanka. Ka sa biyayyarmu ta fito daga ƙauna, ka kuma sa fuskokinmu su yi kama da taka sa'ad da ɗan'uwa ya dawo. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.